Kura da Shan Bugu: Tambayar da Na Taho da Ita Daga Ankor

Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, saboda haka tun da fari ina roƙon mai karatu kada ya ɗauke ni masanin ƙasar Kambodiya. Kwana uku rak na yi a cikinta, a watan Disamba na 2023, sa'ad da na je hutu wurin wana da ke karatu a Maleshiya, shi kuwa ya biya mana kuɗin wani ɗan gajeren yawon buɗe ido zuwa tsofaffin haikalan mutanen Kimer, watau ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar. Haikalan suna wani yanki da ake kira Ankor, kusa da garin Siyem Riyap. Mu goma sha ɗaya ne a cikin ƙaramar mota, daga ƙasashe dabam-dabam, sai ɗan jagoranmu, wani siririn dattijo wanda ya tasam ma shekara sittin. Ya ce mu riƙa kiransa Pu, wanda a harshensu daidai yake da a ce kawu ko baffa.

A cikin kwanakin nan uku wata tambaya ta maƙale mini, na taho da ita gida, har yanzu kuwa ba ta sake ni ba, shi ya sa na ga ya kamata in ajiye ta gaban 'yan'uwana ɗalibai mu taru mu jujjuya ta. Ba zancen gumaka zan tayar ba, wannan kowa ya san inda ya tsaya a kai. Zancen hakki ne. Wai shin ya kyautu mutum ya yi sha'awar abu mai kyau, har ya buɗe baki ya yabe shi, alhali ya san da gumin waɗanda ba a nemi yardarsu ba aka yi shi?

Ran farko tun da asuba aka tashe mu don mu ga fitowar rana a bayan Ankor Wat, babban haikalin da hotonsa ke jikin tutar ƙasar. Sarki Suryabarman na Biyu, wanda ya hau gadon sarauta a 1113, shi ya sa aka gina shi domin abin bautarsa Bishnu, na addinin Hindu, kafin daga baya wurin ya koma hannun mabiya addinin Buda. Kafin a isa gare shi sai an tsallake gwalalo cike da ruwa, mai faɗin mita 190, wanda zagayensa ya haura kilomita 5. Hasumiyar tsakiya ta kai mita 65 daga ƙasa. Duwatsun da aka sassaƙa kuwa daga tsaunin Kulen aka sassaro su, tafiyar kamar kilomita 40, a lokacin da babu mota babu inji, sai hanyoyin ruwa da giwaye da ƙarfin damtse. Da gari ya fara haske hasumiyoyin suka fito baƙi ƙirin a gaban jan sama, inuwarsu ta kwanta cikin wani ɗan tafki, ni dai ban san sa'ad da na saki baki ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, kuma a wannan sa'a ko kusa ban tuna da wani mai ɗaukar dutse ba.

Sai da muka shiga ciki tukuna. A wata doguwar rumfa ta gabas akwai wani zane da aka sassaƙa a bango, tsawonsa kusan mita 50. Pu ya tsai da mu a nan ya ba mu labarinsa. A cikin hikayar addinin Hindu, wai waɗanda suke kira alloli da abokan gabansu aljanu sun yi yarjejeniya su kaɗa tekun madara don su fitar da ruwan da in an sha ba a mutuwa. Suka mai da wani tsauni maburgi, suka naɗa masa wani ƙasurgumin maciji ya zama igiya, aljanu suka riƙe wajen kai, alloli suka riƙe wajen wutsiya, wannan ya ja, wancan ya ja, shekara da shekaru. Da ruwan ya fito sai Bishnu ya rikiɗa ya zama kyakkyawar mace, ya ɗauke hankalin aljanun, ya shayar da alloli su kaɗai. Mutanen motarmu suka yi dariya, aka yi gaba. Ni kuwa na ɗan tsaya ina kallon jerin masu jan igiyar nan, kowa ya turje ƙafa, ya karkata baya, sai karin maganar nan tamu ta faɗo mini: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ce a raina, to, wanda ya riƙe guduma da kurfi ya fito da wannan zane, shi a wane ɓangaren igiyar yake?

Kashegari amsar ta fara fitowa, da alƙaluma. Aka kai mu Ta Prom, haikalin nan da manyan itatuwa masu kama da rimi suka hau kan ganuwarsa, saiwoyinsu suka ratsa tsakanin duwatsu. Sarki Jayabarman na Bakwai, wanda aka naɗa a 1181, shi ya gina shi don tunawa da mahaifiyarsa, aka buɗe shi a 1186. An sami wani dutse a wurin mai rubutu, wanda ya lissafa abin da haikalin ya mallaka. Mutum 12,640 ne ke hidima a cikinsa, a cikinsu har da mata masu rawa 615. Ƙauyuka 3,140 aka ɗora wa ciyar da shi, jimillar mutanen da ke masa aiki kuwa ta kusa 80,000. Haikali guda ke nan, a cikin ɗaruruwa. Mai karatu ya tsaya ya ƙiyasta shinkafar da manomi zai noma, ya sheƙe, ya ɗauka ya kai, kafin ya waiwayi tukunyar gidansa.

A rubuce-rubucen da ke jikin haikalan akwai dogayen jerin sunayen ma'aikata, waɗanda ake kira khnum, an jera su tare da gonaki da shanu da kwanuka a cikin kyautar da wani babba ya ba haikali. Waɗansunsu ma sunayen wulakanci ne da su, irin su Kare ko Mai-wari. Masana tarihi sun yi saɓani a kan fassarar wannan kalma, waɗansu suka ce bayi ne sosai, waɗansu suka ce a cikinsu akwai 'yantattu masu yi wa haikali hidima a waɗansu kwanaki na wata don neman lada. Abin mamaki, mu ma Hausawa kalma ɗaya gare mu ga abubuwan nan biyu: wanda ya durƙusa gaban abin da ya yi imani da shi bauta yake yi, wanda aka ɗaura wa igiya a wuya shi ma bauta yake yi. Amma game da bayin gida akwai shaidar gani da ido. Wani ɗan aiken sarkin Sin mai suna Jo Daguwan ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, ya rubuta cewa masu hali suna da bayi fiye da ɗari, masu ƙaramin ƙarfi goma ko ashirin, matalauta na ƙarshe ne kaɗai ba su da ko ɗaya. Ya ce daga mutanen kan duwatsu ake samo su, kuma a ƙarƙashin gida suke kwana, domin gidajen a kan turaku ake kafa su.

Da muka zauna cin abincin rana na fito da abin da ke damuna, sai gardama ta kaure a teburinmu. Wata dattijuwa Baturiya, wadda ta ce ta yi shekaru tana koyar da tarihi a makarantar sakandare, ta ce kuskure ne a auna mutanen da da mudun yau. A ganinta haka duniya take a wancan zamani ko'ina, daga Masar har Rum, kuma mutanen sun yi imani sarkinsu shi ne tsakaninsu da ruwan sama, saboda haka ɗaukar dutsen nan a wurinsu ibada ce. Wana kuwa, wanda ba ya son magana mai kwana-kwana, ya ce mini, "Kai, ƙane, in dai abin da kake faɗi haka ne, to mai da na'urar hotonka cikin jaka. Ba ka yaba tuwon da aka tuƙa da garin sata." Na rasa abin da zan ce musu a lokacin. Sai daga baya, a cikin mota da kuma bayan na dawo gida, na yi ta auna maganganun biyu.

Maganar Baturiyar tana da ƙamshin gaskiya, ba na musu. Shi wannan Jayabarman, dutsen Ta Prom ɗin da ya lissafa masu hidima shi ne kuma ya ambaci asibitoci 102 da ke cikin ƙasarsa, wani dutsen kuma ya ambaci masaukin matafiya 121 a kan hanyoyi. Manyan tafkunan da sarakunan suka haƙa sun tara ruwa a ƙasar da rabin shekara damina ce, rabi rani. Kuma mu da muka san gayya mun san ba duk aikin da aka yi ba lada a hannu ne zalunci ba. Mutum yakan fita gonar maƙwabci da gangar noma, ya yini yana zufa, ya dawo yana murna. Ba mamaki a cikin masu ginin nan an sami dubbai da suka ɗauki dutse da irin wannan zuciya.

Amma akwai abu ɗaya da ke raba gayya da aikin tilas, shi ne ikon cewa a'a. Wanda aka gayyata in ya ƙi zuwa, iyaka a ji haushinsa. A nan ne maganar Baturiyar ta karye mini, kuma Jo Daguwan ne ya karya ta, domin ya rubuta cewa bawan da ya gudu aka kamo shi, akan yi masa shuɗin tambari a fuska, ko a sa masa ƙarfe a wuya. To, in mutane suna gudu har sai da aka tanadi hukuncin gudu, ashe ba mudun yau muka ɗauko ba. Wanda ya sulale cikin dare ya nufi daji, ya san abin da zai same shi in an kama shi, ai ya riga ya yanke hukunci a kan al'amarin, tun shekara ɗari bakwai kafin a haife mu. In mun ce mutanen da ba su ga aibin abin ba, sai a tambaye mu, waɗanne mutanen? Na saman gida ko na ƙarƙashinsa? Nauyin dutse dai a wuyan ɗan Adam bai sake ba daga wancan ƙarni zuwa wannan.

Maganar wana ta fi ba ni wuya, don ta fi kama da tsoron Allah. Abin da ya warware mini ita shi ne abin da muka gani da yammacin ranar a Bayon, haikalin nan mai manyan fuskoki fiye da 200 a jikin hasumiyoyinsa, a tsakiyar birnin Ankor Tom. Kowa fuskokin yake ɗauka hoto, amma Pu ya ja mu zuwa bangon waje, ya ce mu duba ƙasa-ƙasa. A sama ga sarki ga mayaƙa a kan giwaye da jiragen ruwa. A ƙarƙashinsu kuwa ga kasuwa tana ci, ga mai sayar da kifi, ga maza sun kewaye zakaru biyu suna caca, ga mace tana naƙuda ana riƙe da ita, ga wata tana duba wa wani ƙwarƙwata a ka, ga masu girki sun ɗora tukwane. Har akwai wata mata riƙe da kunkuru, ya miƙa wuya ya ciji ɗuwawun mutumin da ke gabanta, shi kuwa ya waiwayo a fusace. Na yi dariya har da ƙwalla. Ba na jin wani sarki ne ya zauna ya ba da umurnin a sassaƙa kunkurun nan. Wani ne mai guduma a hannu, wanda ya san kasuwa, ya san raha, ya sa abin da ya sani a jikin dutse.

Daga nan na gane cewa misalin tuwon sata bai zauna daidai ba. Sarki bai taɓa riƙe kurfi ba. Kyan da ya sa na saki baki, daidaiton layi, da laushin hannun 'yan matan da aka sassaƙa kusan 1,800 a Ankor Wat, kowace da irin kitsonta, duk aikin hannun waɗancan mutane ne. An ƙwace musu kwanakinsu, an rubuta sunan wani a kan aikinsu. In ni kuma na zo na kau da kai, na ce ba zan duba ba don tsarkin zuciyata, me na ƙara musu? Na dai cika musu rashi na biyu, ga wahala ga rashin mai gani. Saboda haka ban mai da na'urar hotona cikin jaka ba, ko da yake wana ya yi ta yi mini tsiya har dare.

Da a nan abin ya tsaya da na ce na sami mafita mai sauƙi: a yabi magini, a bar sarki. Rana ta uku ce ta nuna mini inda haɗarin yake na ainihi. Da safe aka kai mu Tafkin Yamma, wanda aka haƙa a ƙarni na 11, tsawonsa kilomita 8, faɗinsa ya ɗan haura kilomita 2, har yanzu kuwa da ruwa a cikinsa. Muna tsaye a kan gaɓa wani saurayi a cikinmu ya ce, cikin yabo, mutanen da suka iya wannan da kwando da fartanya babu abin da zai gagare su. Sai na ga fuskar Pu ta sake. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya taɓa jin wannan magana, yana yaro.

Mai karatu ya san cewa a ran 17 ga Afrilu 1975 'yan tawayen da duniya ta sani da Khmer Rouge, watau Jajayen Kimer, suka kama babban birnin ƙasar, suka kori mutanen birane zuwa ƙauyuka, suka riƙe mulki har 7 ga Janairu 1979. A tsakanin nan mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu suka mutu, ta hanyar kisa da yunwa da ciwo da aikin tilas, a ƙasar da jama'arta ba su fi miliyan takwas ba. Abin da ban sani ba sai a wannan tafiya shi ne yadda suka jingina da Ankor. Sun sa hoton haikalin a tutarsu. Shugabansu Pol Pot, a wani jawabi da ya yi a 1977, ya kafa hujja da cewa al'ummar da ta gina Ankor za ta iya kome. Suka yanka wa manoma tan uku na shinkafa a kowace hekta, suka tura dubban mutane haƙa madatsun ruwa da magudanai da hannu. A 2018 kotun musamman da aka kafa tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sami biyu daga cikin shugabanninsu, Nuon Chea da Khieu Samphan, da laifuffuka da suka haɗa da bautar da mutane a irin waɗannan wuraren aiki.

Pu ya ce yana da shekara goma aka raba shi da iyayensa aka sa shi cikin rukunin yara. Aikinsu ɗaukar ƙasa, kwando biyu a sanda bisa kafaɗa, daga fitowar rana har faɗuwarta, abincinsu ruwa-ruwan kunun shinkafa. Bai tsawaita ba, mu ma ba wanda ya iya tambayarsa abin da ya sami iyayen.

A nan ne na ga iyakar da nake nema. Sha'awar abu mai kyau ba laifi ba ce. Laifin yana shigowa ne sa'ad da sha'awar ta rikiɗe ta zama lissafi, mutum ya ce a ransa: tun da abin ya yi kyau haka, ai wahalar ta biya. Kalma ce ƙarama, takan fito daga bakin mutumin kirki ba da nufin kome ba, kamar yadda ta kusa fitowa daga bakin saurayin nan. Amma wanda ya yarda cewa wahalar jiya ta biya, ya riga ya buɗe ƙofa ga wanda zai ce wahalar yau ma za ta biya, a ɗauko kwando. Ni a ganina ba mai ikon yin wannan lissafi sai wanda ya biya kuɗin da jikinsa. Bashi mai shi ne kaɗai ke yafewa, ɗan kallo ba shi da wannan hurumi, balle ɗan kallon kwana uku wanda ya zo a mota mai sanyi.

Kada kuma in wanke kaina da yawa. Dala 62 aka biya mini tikitin kwana uku, na kuwa ji daɗin yadda na sami wuraren a share, ba rumfa ba shirgi a cikin hotunana. Sai bayan na dawo na karanta cewa tun daga 2022 hukuma ta shiga kwashe iyalai kimanin dubu goma daga cikin yankin Ankor zuwa sababbin matsugunai, musamman wani wuri da ake kira Run Ta Ek. Gwamnati ta ce da yardarsu suka tashi, kuma don a kare wurin ne, wanda ke cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1992. Ƙungiyar Amnesty International kuwa, a rahotonta na Nuwamba 2023, ta ce da yawansu tsoratar da su aka yi. Ko wanne ne ya fi gaskiya, na san dai idon irina ake gyara wa wurin. Kuma tun da na dawo, in na bi ta gefen abin da ya rage na badalar Kano, wadda littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa a zamanin da bai yi nisa da na Suryabarman ba, sai in ji tambayar ta biyo ni har nan: sunan sarki mun riƙe, masu cuɗa ƙasar fa, gayya suka zo ko kiran da ba a ƙi?

Da la'asar ɗin ranar ƙarshe aka mai da mu Ankor Wat don mu yi masa kallon bankwana. Na sami Pu shi kaɗai a gindin wani bango, na ce, "Pu, bayan duk abin da ka gani, kana alfahari da wannan wuri?" Ya ce ƙwarai kuwa, ai kakanninsa ne suka yi shi, kuma da shi yake ciyar da 'ya'yansa. Sa'an nan ya ce in matso in ga wani abu da ba ya cikin jadawalin yawon. Ya nuna mini waɗansu ƙananan ramuka zagayayyu a jikin duwatsun, bibbiyu ko fiye a kowane dutse, waɗanda na yi ta wucewa kwana uku ban lura da su ba. Ya ce masana suna ganin a nan ake cusa turakun itace, a ɗaura igiya, a ja dutsen ko a ɗaga shi a daidaita shi a mazauninsa. Ya ce shi duk sa'ad da ya kawo baƙi, suna kallon hasumiya, shi waɗannan yake kallo.

Na sa yatsana a cikin ɗaya. Zurfinsa ya kai gaɓa biyu, cikinsa da ɗumin rana. Ina nan tsaye har wana ya ƙwala mini kira daga bakin ƙofa, wai direba ya gaji da jira.